Darasi na 9: Wankin Motar-Gida da Kare Jikinta daga Rana da Ruwa

A Amurka da Turai akwai wata irin mota da mutum zai kwana a cikinta, ya dafa abinci, ya yi wanka, gari ya waye ya tayar da inji ya ƙara gaba. Gida ne sukutum a kan taya, da gado da murhu da firij da banɗaki da tankin ruwa. Amurkawa na ce mata RV. Mu a wannan darasi za mu riƙa kiranta motar-gida.

Kamfanin Winnebago ya fitar da tasa ta farko a garin Forest City na jihar Iowa a 1966, kuma a yau akasarin waɗanda ake ƙerawa a Amurka daga yankin Elkhart na jihar Indiana suke fitowa. A Jamus akwai kamfanin Hymer a garin Bad Waldsee. Dattawan Agadas da Damagaram da Kano sun san ƙananan irinta tun shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa 'yan yawon buɗe ido ke ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit a cikin motocin da suka mayar ɗakin kwana, su iso gari sun yi futu-futu da ƙura.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa ni da motar da ba kullum nake ganinta ba? Amsar ita ce babu motar da ta kai wannan tara kayan jiki iri-iri a wuri guda. Wanda ya iya wanke ta ba tare da ya yi mata ɓarna ba, to motar asibitin tafi-da-gidanka da doguwar bas da motar ɗaukar kayan sanyi ba za su ba shi wahala ba, domin da yawansu da irin waɗannan kayan ake haɗa jikinsu.

A san abin da ke ƙarƙashin hannu

Ƙaramar mota ƙarfe ce da fenti da gilashi, shi ke nan. Motar-gida ba haka take ba. Bangonta galibi faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da wani irin gam, aka lulluɓe samansa da santsin da ake kira jelkot. Kaurin wannan santsi kusan rabin milimita ne. Wasu motocin kuma alminiyam ne aka yi wa fenti. Masu tsada ana fesa musu fenti irin na mota, a bi shi da wani shafi garai-garai mai ƙyalli, wanda kaurinsa bai wuce rabin na takardar littafin nan ba. Zanen da ke gefen motar sau da yawa sitika ce ta leda aka manna. Tagogin motocin Turai yawanci roba ce mai kama da gilashi. Rufin da yawa daga motocin Amurka kuwa shimfiɗar roba ce, ko irin da ake kira EPDM ko TPO, an manna ta a kan katako.

Kowanne daga cikin waɗannan da abin da yake so da abin da ke kashe shi. Kananzir da zai cire kwalta daga ƙarfe, idan ya zuba a rufin EPDM sai robar ta kumbura ta saki gam ɗinta. Maganin goge gilashi mai sinadarin amoniya ko sifirit yana sa tagar roba ta yi ƙananan tsage-tsage kamar tafin ƙafa a lokacin hunturu, kuma ba ta gyaruwa sai an sake wata. Saboda haka kafin a ɗebo ruwa, a zagaya motar tukuna, a taɓa, a ƙwanƙwasa, a tambayi mai ita. Idan littafin motar na nan a duba shi. Tambaya ba ta rage darajar mai sana'a.

Ƙura yashi ce

Ku tsaya a kowane wurin wankin mota da sassafe a watan Janairu. Mota ta kwana a waje, buji ya lulluɓe ta har ana iya rubutu da yatsa a gilashinta. Sai yaro ya zaro busasshen tsumma daga kafaɗarsa ya hau gogewa yana murzawa, nan da nan motar ta fito fes, mai ita ya ji daɗi. Da za ku juya ta wajen rana ku sunkuya ku duba, za ku ga siraran zane-zane sun zagaye hasken kamar saƙar gizo. Wannan yaron bai yi da mugun nufi ba, ba a koya masa ba ne. Amma abin yana ci mini rai duk lokacin da na gani, domin a minti biyar ya ci fentin da ya kamata ya yi shekaru.

A cikin ƙura akwai ƙwayoyin yashi, kuma yashi ya fi kowane fenti tauri. Tsumma a kan busasshiyar ƙura daidai yake da samfefa. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi haka take, ta hamadar Arizona ma haka. A can akwai wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite, inda dubban masu motar-gida ke taruwa kowane Janairu suna gudun sanyin arewacin Amurka, su yi makonni a fili cikin rana da ƙura. Abin da kowa a cikinsu ke koya da wuri shi ne ruwa ne ke fara taɓa motar, hannu daga baya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: in babu ruwan da za a fara ɗauraye ta, a bar ta da ƙurarta har a samu.

Kayan aikin ba su da yawa. Bokiti biyu, tiyo, buroshi mai taushin baki da doguwar ƙota, safar wanki ko tsumma mai laushin gashi da ake kira maikurofaiba, tsani mai ƙwari, da sabulun ruwa na mota. Garin sabulun wankin kaya da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su narka maiƙo, kuma kakin da ke kare jikin mota ɗan'uwan maiƙo ne, don haka tare suke tafiya da shi. Bokiti ɗaya na kumfa ne, ɗayan na ruwa zalla. Duk lokacin da aka goge wani yanki, sai a fara tsoma safar a bokitin ruwa a girgije yashin ya kwanta a ƙasa, sannan a koma na kumfa. Safar da ta faɗi ƙasa ta gama aiki a ranar sai an wanke ta. Ta taya kuma daban, ba ta hawa jikin fenti.

A yi aikin a inuwa, ko da sanyin safiya. Idan aka ɗora bayan hannu a bango aka ji zafi, a dakata. Kumfa na bushewa a jiki mai zafi kafin a kai ga ɗauraye ta, kuma ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi yana barin fararen ɗigo-ɗigo idan rana ta shanye shi. Gishirin da ke narke a ruwan ne ya rage. In sabo ne, ruwan khal da aka surka da ruwa yana cire shi. In ya daɗe yana gasuwa a rana, yakan ci jikin fentin.

Rufi

Nan ne zuciyar darasin, don haka za mu ɗan zauna a kai.

Daga rufi ake farawa, tunda duk dauɗar da ke sama ƙasa za ta gangaro. Kafin a hau a jiƙa bangon motar sosai, kuma a riƙa fesa masa ruwa lokaci-lokaci, don kada ruwan dattin da ke sauka ya bushe a kansa. Tsayin babbar motar-gida daga ƙasa yakan kai mita uku da rabi zuwa huɗu. Rufi mai kumfa ya fi tayil ɗin banɗaki santsi. A hau da takalmi mai taushin ƙasa wanda ba ya zamewa, a yi aiki a durƙushe, a bar wani a ƙasa yana riƙe da tsani, a kuma ɗaga kai a tabbata babu wayar lantarki kusa, domin ƙotar buroshin sau da yawa ta ƙarfe ce. Ba kowane rufi ne aka yi don a taka ba. Idan ba a tabbatar ba, a tsaya a kan tsani a miƙa buroshi.

Rufin EPDM yana fitar da wani farin gari kamar alli yayin da yake tsufa. Ba cuta ba ce, haka halinsa yake. Wannan gari da ƙura da hayaƙi su ne ruwan sama ke wankowa ya zubo ta gefe, ya bar baƙaƙen layuka a ƙarƙashin tagogi da bakin rufi. Mutane kan ɓata yini suna dirzar waɗannan layuka a bango, ruwa ya sake sauka su dawo, alhali tushensu na sama. Sabulu mai sauƙi da buroshi mai matsakaicin taushi sun isa. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina, ban da duk wani mai da aka tato daga ɗanyen man fetur, haka kuma magungunan wanki masu man lemo.

Yanzu ga abin da ya bambanta mai wanki da mai watsa ruwa. Rufin motar-gida cike yake da huji: na na'urar sanyaya ɗaki, na fankar banɗaki, na tagar sama, na eriya, na wayar farantin sola, na bututun fitar da wari. Kowane huji an zagaye shi da wani gam mai laushi da ke toshe kafa. Rana na gasa wannan gam, mota na jijjiga shi a kan hanya, a hankali ya bushe ya tsage. Ko tsagar da ba ta kai faɗin farce ba ma, ta isa ruwa ya shiga. Kuma ruwan ba ya ɗigowa a kan gado a gane da wuri. Yana bin cikin bango ne. Bangon kuwa hawa-hawa ne: faiba a waje, sai siririn katako, sai farin soso mai tauri irin wanda ake naɗo sabon talabijin da shi, sai allon cikin ɗaki, duka an manne su da gam. Katakon ya sha ruwa ya ruɓe, gam ya saki, sai wata rana a ga bangon ya yi tudu kamar kumburi, a danna a ji ya lotsa. A lokacin gyaran ya zama na kwance bango, wani lokaci kuɗinsa ya kusa kai darajar tsohuwar motar. Shi ya sa kamfanoni da yawa a Turai ba sa cika alkawarin garantin yoyo sai in mai motar yana kai ta a auna danshin bangonta kowace shekara.

Wa ke hawa wannan rufi? Mai motar yakan yi wata shida bai leƙa shi ba. Mai wanki ne ke durƙushe a wurin, idonsa taku ɗaya daga gam ɗin. To ya duba. Ya bi kowane huji da ɗan yatsa, ya danna gam ɗin ya ji ko da sauran laushi, ya lura ko ya ɗago daga gefe. In ya ga tsaga ya sauko ya faɗa wa mai motar, ya nuna masa. A ganina wannan minti goma na dubawa ya fi duk ƙyallin da za a sa wa motar amfani, kuma shi ne zai sa mai ita ya sake neman mutum. In za a toshe, a goge wurin ya bushe sarai, a yi amfani da gam ɗin da aka yi don irin wannan rufi. Kada a sa silikon ɗin da ake toshe bahon wanka da shi. Ba ya kama robar da kyau, kuma bayan ya ɗago babu gam ɗin da zai zauna a gurbinsa sai an kankare shi tas.

Bango, taga, rumfa

Bayan rufi sai bango, daga sama zuwa ƙasa, yanki-yanki kamar faɗin ƙofa biyu: a sa kumfa, a ɗauraye, a matsa gaba. A riƙa jan buroshi a miƙe, ba a murza shi. Idan da injin feshi mai ƙarfi ake aiki, a ja baya aƙalla rabin mita, kuma kada a saita bakinsa a kan gam, ko gefen sitika, ko ragar da firij da injin ɗumama ruwa ke shaƙar iska ta ciki. Ƙwarin da suka mutu a goshin mota da kashin tsuntsu da ƙaron bishiya, a ɗora musu jiƙaƙƙen tsumma su jiƙa su saki da kansu. Kashin tsuntsu yana da tsamin da ke cin fenti, kada a bar shi ya kwana biyu a rana. Tagar roba ruwa mai yawa take so da tsumma mafi laushi da ake da shi. Rumfar da ake warewa a gefen mota a wanke ta, a bar ta a buɗe ta bushe ƙarau kafin a naɗe, in ba haka ba funfuna ta kama ta. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, dole a fesa ruwa a ƙarƙashin motar ma saboda tsatsa. A ƙarshe a tsane jikin da tsumma, kada a bar wa iska.

Kaki

Kakin mota mafi suna shi ne karnoba. Daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa a arewa maso gabashin Burazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Bishiyar na fitar da shi ne don ganyenta ya jure zafi kada ya bushe. Sai zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Selsiyos yake narkewa, alhali kakin zuma tun wajen 62 zuwa 64 ya zama ruwa. Yana ba da ƙyalli mai kyau, amma a rana mai tsanani wata biyu ko uku ya ƙare. Akwai na haɗin sinadari da ke kai wata shida ko fi. Akwai kuma shafin siramik da ke yin shekaru, sai dai yana da tsada, kuma duk tabon da aka shafa shi a kai ya zauna ke nan. Ga motar da girmanta ya kai wannan, na haɗin sinadari sau biyu a shekara ya fi dacewa da yawancin mutane.

Aikin kaki shi ne ya karɓi dukan rana da datti a madadin abin da ke ƙarƙashinsa. Jelkot da aka bari tsirara, hasken rana da iska na cin samansa har ya dushe. Gwajin mai sauƙi ne: a shafa tafin hannu a busasshen bango mai tsabta. Idan hannu ya fito da fari kamar an taɓa allon makaranta, saman ya mutu, kuma kaki ba zai zauna a kan mataccen wuri ba. Sai an fara goge shi da man gogewa mai ɗan kaushi, a bi da mai laushi, sannan kaki. A fara gwadawa a wani ɓoyayyen lungu. Jelkot na da kaurin da zai ɗauki wannan gogewa sau da dama, amma shafin saman fenti ba shi da shi, kuma injin gogewa mai juyawa da sauri a hannun sabon shiga yana iya ƙona shi a ƙiftawar ido, musamman a kan kusurwa.

Wajen shafawa, kaɗan ya fi yawa amfani. A laƙato a soso, a shimfiɗa siriri a wuri kamar faɗin sallaya, a jira ya yi hazo. A ja yatsa a kai: in wurin ya fito garau, lokacin gogewa ya yi; in ya yi maiƙo, da saura. A goge da tsumma mai tsabta ana juya shi. A kauce wa baƙar robar gefen taga, domin kaki na bushewa fari a kanta, da gefen sitika, inda yake taruwa ya yi layi. Rufin roba ba a sa masa kakin mota ko kaɗan. Don sanin ko kakin na nan, a watsa ruwa: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangara, da sauransa, in ya kwanta shimfiɗe, lokaci ya yi.

Idan za a ajiye ta

Motar-gida ta fi daɗewa a tsaye fiye da a kan hanya, shi ya sa tayarta ba ta cika mutuwa da suɗewa ba, tsufa ke kashe ta. Zanen ƙasan na nan kamar sabo, amma gefen ya tsattsage. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ga gwani ya duba kowace shekara da zarar ta cika shekara biyar, a kuma cire ta in ta kai goma komai kyanta. A wanke ta da sabulu da ruwa, a rufe ta daga rana. Man da ake shafawa don ta yi baƙi wul, in na fetur ne, cutar da ita yake.

Rumfar kwano ta fi komai. In babu, akwai rigar da ake ɗinka wa irin waɗannan motoci da yadin da iska ke ratsawa. Tamfol na leda yana tara gumi a ƙarƙashinsa, iska kuma na kaɗa shi yana dirzar kusurwoyi. Riga kowace iri ce, ba a sa wa mota ita sai an wanke motar ta bushe. Ƙarƙashin bishiya akwai inuwa, amma akwai ƙaro da tsuntsaye da ganyen da ke toshe hanyar ruwa a rufi.

Aikin yi

1. Motar-gida tana da tsawon mita 9, faɗi mita 2.5, tsayin bango mita 3. Ku lissafa murabba'in mitar gefe biyu da gaba da baya da rufi. Nawa ne za a shafa wa kaki idan rufin na roba ne?

2. Mai mota ya kawo muku ita yana kukan baƙaƙen layuka da ke dawowa duk bayan ruwan sama. Me za ku ce masa, kuma daga ina za ku fara?

3. An rubuta 4716 a gefen taya. Yaushe aka yi ta, kuma shekararta nawa yau?

4. Ku je tasha ko asibitin da ke kusa da ku, ku nemi izini ku duba wata babbar mota mai jikin faiba. Ku shafa hannu a bangonta, ku watsa mata ɗan ruwa, ku bi gam ɗin gefen tagoginta da yatsa. Ku zo aji da abin da kuka gani.